Ɗakin Goggo a Kan Tankin Ruwa

Assalamu alaikum, masu bin labarina. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina ja wa Hayatu rai, in ba shi amsa ko in sallame shi ya kama gabansa. 'Yar'uwa, da kin san abin da ke riƙe da ni da kin yi mini uzuri. To yau zan faɗa. Dariya kuwa na san za ku yi, ban hana ba, ni ma yanzu na kai matsayin da nake iya yi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, sunana Hamsatu, a Gummi nake, ina buga wa mutane takardu a wani shagon kwamfuta kusa da tasha. Mahaifina ya rasu tun ban san fuskarsa ba, Innata ta sake aure a Anka, ni kuwa aka bar ni a hannun yayar mahaifina, Goggo Hawwa'u. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Mu biyu ne a gidan sai awakinta, gidan ma na dangin mijin ne suka bar mata aro. A bayanta na yi wayo, a tabarmarta na koyi salla. Yanzu idonta ya yi rauni. Ni ke sa mata zare a allura, ni ke tsince mata shinkafa, ni ke gaya mata wanda ya shigo in bai yi magana ba.

Ƙanenta, Baffa Magaji, a Adabka yake noma. Mutumin kirki ne, amma in ya yanke magana to ta yanku. Ya zo da babur ɗinsa ya zauna a tsakar gidanmu ya ce na isa aure har na gota, in fito da miji kafin ruwa ya sauka hanyar Adabka ta lalace, domin ana kai ni ɗaki zai zo da mota ya kwashe Goggo da kayanta ta koma wajensa. Goggo ta ce hakan ya yi. Ni na san bai yi ba. Matar da tun tana amarya take Gummi, maƙwabtanta nan, masu sayen daddawarta nan, ta san kowane rami na tsakar gidanmu da ƙafarta ba sai da ido ba. A kai ta gidan da mutum ya fi ashirin, kowa na ta kansa, wa zai kula ko ta sha magani? Abin da ya hana ni amsa wa Hayatu ke nan. Ina son sa, wannan kam ba na ɓoyewa, amma ba na iya tafiya in bar ta.

Shi Hayatu ɗan Bukkuyum ne, dogo siriri, aikinsa zana wa mutane gidaje a kwamfuta kafin magini ya sa hannu. Yana da fili a bayan garin Gummi, nesa da unguwarmu sosai. Samarin wasu in za su zo zance turare suke riƙowa, ko tsire a takarda. Nawa da kwamfutar cinya yake zuwa a cikin baƙar jaka, kuma abin da yake fara tambaya bayan gaisuwa shi ne ko akwai wuta a gidanmu. Goggo ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Mai akwati” take ce masa, kuma da ta ji sallamarsa sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, ko tari ba ta ƙara yi sai ya tafi.

Zancen namu ma ba irin na mutane ba ne. Mu shimfiɗa tabarma a zaure, ya buɗe akwatin nasa, ya nuna mini gidan da zai gina mana. A dama hoton gidan ne, yana juya shi yadda ya so, ka gan shi ta sama, ka gan shi ta gefe. A hagu kuwa wani jerin sunaye ne da yake kira bishiya. Na ce masa ban taɓa ganin bishiyar da gindinta ke sama rassanta na ƙasa ba, ya ce to yau na gani. Can ƙoli an rubuta “Gidan Hayatu”. A ƙarƙashinsa, an ɗan matsa ciki, akwai katanga, zaure, tsakar gida, ɗakin amarya, ɗakin baƙi, madafa, da tankin ruwa. Kowanne da 'yar alamar tarawa a gefensa. In ka danna ta sai ya buɗe 'ya'yansa: ɗakin amarya na da bango, da rufi, da tagogi, su ma tagogin da nasu 'ya'yan.

Ya ce gida tarkacensa na da yawa, in mutum ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin hoto sai kansa ya juye. Amma a bishiya kowane abu ya san wanda yake ƙarƙashinsa.

“Duba nan, Hamsa,” in ji shi, ya kama ɗakin amarya ya ja shi gabas. Bango da rufi da tagogi duk suka bi. “In kin ja uwa, ɗiya su biyo ta. Kuma kowane abu uwa ɗai gare shi.”

Na ce a raina, ka ji mutum, an zo zance yana karantar da ni. Amma maganar ta zauna mini. Ni in an ja ni, wa zai biyo ni?

Za ku ce me ya hana ni buɗe baki in gaya masa. Ku da ba 'yan nan ba ne ba za ku gane ba. Budurwa ba ta cewa saurayi zan zo maka da uwata, sai a yi da ita a gari. Ko da na cire kunya na faɗa, Goggo ba za ta kwana a gidan suruki ba ko da za a ba ta duniya. Matar da ba ta iya shan ruwa in yana zaure, ita ce za ta riƙa wuce shi safe da yamma? Sau nawa ina shirya maganar a shago, in jera ta tsaf, da na ga fuskarsa sai ta watse.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ya zo. Na sa atamfata ruwan ganye mai zanen ƙwarya, da gyale fari, lallen da na ƙunsa bai gama fita ba. Na kawo masa kunun zaƙi a kofin silba, bai ko kalle shi ba sai da ya nuna mini inda ya ƙara wa madafa taga don hayaƙi. Muna nan aka kira magariba. Ya miƙe zai tafi masallaci, ya tura mini kwamfutar ya ce in yi ta kallo, batir zai kai.

Ni ba na salla a ranar. Na zauna ni da bishiyar nan muna kallon juna. Zuciyata ta ce, abin da baki ya kasa, yatsa ya gwada mana. Ai aikina ke nan, kwafa da liƙawa, kullum sai na yi wa mutane a shago. Na danna ɗakin baƙi na kwafe shi. Na liƙa, sabon reshe ya fito, na goge sunansa na rubuta “Ɗakin Goggo”. Na kalli hoton, lokacin ta sama yake nuna gidan, sai ga ɗakin ya zauna a kusurwar tsakar gida kamar dama can wurinsa ne. Har na ji hawaye na neman zubo mini don daɗi. Na adana, na rufe rassan, na naɗe hannuwana kamar ban taɓa komai ba.

Da ya dawo batir ya kusa mutuwa, bai duba ba ya rufe ya sa a jaka. Ya shanye kunun da ya huce, ya ce gobe zai je Bukkuyum wajen maginin da zai yi masa aikin. Na raka shi bakin ƙofa ina jin kaina wata gwana.

Washegari ina shago ina buga wa wani malamin makaranta jarrabawa, 'yar Nokiyata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Hayatu.

“Slm Hamsa. Ina gaban magini. Yana tambaya, Goggo da tsani za ta riƙa hawa, ko igiya da guga za mu tanada?”

Na karanta ban gane ba. Kafin in gama tunani wani ya shigo.

“Ya ce ɗakin ya yi kyau, iska kam za ta sha. Sai dai bai taɓa gina ɗaki a kan tankin ruwa ba.”

Jama'a, ashe lokacin da na liƙa ɗakin, tankin ruwa ne a zaɓe ban lura ba. Sai ɗakin ya zama ɗan tanki. Shi kuwa tsarin bishiyar, kowane ɗa daga inda uwarsa take ake auna mazauninsa, tankin kuma a kan dogayen ƙafafun ƙarfe yake. Ta sama in ka kalla lafiya lau. Da Hayatu ya juya hoton ta gefe a gaban magini da mutanen da suka taru kallo, sai ga ɗakin Goggo can sama ya fi kowane rufi tsawo, da ƙofarsa da tagoginsa, ga suna rubuce ɓaro-ɓaro.

Na ji kamar in shige ƙarƙashin teburin shagon. Jarrabawar malamin nan sai da na sake buga ta, don na sa tambaya ɗaya sau biyu. Na kashe wayar na jefa a jaka. Ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba. Abin da na ɓoye a cikina wata da watanni ne ya fito fili, kuma a gaban baƙi. Na ce shi ke nan, yanzu zai ce yarinyar nan ba ta da kunya, tun ba a ɗaura ba ta fara raba masa gida.

Sai da na dawo gida na kunna. Saƙo ɗaya ne ya ƙaru: “Kin yi fushi?” Na rubuta masa cewa ya goge ɗakin, kuskure ne, wasa nake yi. Ya amsa nan take: “Ba ni gogewa. Ina tafe jibi bayan la'asar.”

Kwanakin nan ko abincin kirki ban ci ba. Goggo ta tambaye ni ko ni da mai akwati mun yi faɗa, na ce a'a. Ta ce to in bar tsaki a kan tuwonta.

Da ya zo ban yi kwalliya ba, hijabina na shago na zura na fito. Na zauna can ƙarshen tabarma ina kallon yatsun ƙafata. Na jira tsokana, ba ta zo ba. Ya daɗe bai buɗe jakar ba.

“Hamsa, don mi ba ki hwaɗa min da baki ba?”

Ai kamar jira nake. Kuka ya zo mini, na faɗa masa komai, maganar Baffa, da Adabka, da idon Goggo, da yadda nake tashi in tarar ta zuba sukari a miya tana zaton gishiri ne ta kuma ce kada in gaya wa kowa. Na ce ina son sa, amma in aurensa na nufin a ɗora ta a bayan mota da ƙullin kayanta, to ya yi haƙuri ya nemi wata. Wannan ne karo na farko da na ce ina son sa da bakina, kuma a cikin majina da hawaye na faɗa.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi duk zatonsa wani ne ya riga shi, har ya fara zargin malamin makarantar da ke yawan kawo mini aiki. Na harare shi ta cikin hawayen. Ya buɗe kwamfutar ya juyo mini da ita.

Ya ce a daren da ya dawo ya sauko da ɗakin daga kan tanki ya sa shi ƙarƙashin tsakar gida, ya zauna daidai. Amma da ya kalli bishiyar sai ya ga ba a yi komai ba. Duk inda ya kai ɗakin, in ka bi reshen sama, a “Gidan Hayatu” yake ƙarewa. Wato ta zaurensa za ta shiga, ta zaurensa za ta fita. Ya ce shi ya san Goggo, sai ta yini da ƙishirwa da ta gifta ta gabansa zuwa randa.

Don haka ya cire ɗakin daga bishiyar gaba ɗaya ya dasa wata. Na duba hagu, sai na ga gindi biyu a jere, babu wanda ya matsa ciki. Ɗaya “Gidan Hayatu”, ɗaya “Gidan Goggo”. Ya yanki bayan filin, wajen da ke kallon wani lungu dabam. Ɗaki ɗaya da rumfa, da ɗan zaurenta, da wurin awaki, ƙofarta na kallon wata unguwa tasa na kallon wata. Katanga ta raba su. Ya ce wannan yankin ni zai ba a gaban shaidu, ni kuma in ba uwata, don kada ta ce suruki ya ajiye ta.

Na ƙura wa hoton ido. Sai na ce masa tagar ɗakin ta yi ƙanƙanta.

Ya yi dariya ya ce zai ƙara. Sannan ya nuna mini abu ɗaya da ya gagare shi. A jikin katangar tsakiya ya huda 'yar ƙofa, daidai wucewar mutum ɗaya da kwanon tuwo. Ya so ya sa ta ƙarƙashin gidajen biyu, kwamfuta ta ƙi. Dole ta zama ta ɗaya. Ya bar ta a gefe ba uwa.

“In na sa ta wajena, Goggo ta zama baƙuwata,” in ji shi. “In na sa ta wajenta ban tambaye ta ba, na yi mata shisshigi. Ki shiga da shi ki tambaye ta. Ni ina nan.”

Na ɗauki kwamfutar da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai na shiga gida. Goggo na zaune a gindin rumfa tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta ji takuna ta ce me na ɗauko mai zafi haka nake tafiya a hankali. Na durƙusa na ajiye a gabanta, na fara ba ta labari tun daga kwafa da liƙawa. Da na zo kan tanki ta saki gyaɗar ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa, tana dariya ba sauti don kada mai akwati ya ji daga zaure. Ta ce ita da ko kan turmi ba ta hawa, na rasa inda zan kai ta sai kusa da shaho.

Amma da na kai ƙarshe dariyar ta ɗauke. Ta ce na kai ta kasuwa, yanzu har maginin Bukkuyum ya san tana neman wurin zama. Ta ce ta raine ni don in tafi gidana, ba don in ɗaure ta a bakin zane ba, kuma ta riga ta ba Magaji magana, har ta fara ƙulle kwanoninta a ƙarƙashin gado ban sani ba. Na ce in dai Adabka za ta, to ni ma ba inda za ni, mu tsufa tare a gidan aro. Ta ce in rufe mata baki. Na rufe, amma ban tashi ba.

Can ta jawo kwamfutar, ta kai fuskarta har hancinta na neman taɓa gilashin. Na san haske kawai take gani. Ta ce in karanta mata. Na karanta: Gidan Goggo, zaure, ɗaki, rumfa, wurin awaki.

“Wanga gida ƙarƙashin wa shike?”

“Ba shi ƙarƙashin kowa, Goggo. Kansa shike tsaye.”

Ta shiga murza ɓawon gyaɗa a yatsunta. Na gaya mata zancen 'yar ƙofar da ta rasa uwa, na ce shi ya sa na shigo. Wata akuya ta zo ta sa baki a tiren gyaɗar, ta kore ta.

“Ƙohwag ga,” ta ce a hankali, “sakata tana wane gehe?”

Na ce ba a sa ba tukuna.

“A sa ta wajena. In na so in buɗe, in na so in ruhe. Kuma shi kar in ji ƙahwatai gare ta.”

Na kama ƙofar na ja ta na sake ta a ƙarƙashin Gidan Goggo. Wannan karon sai da na juya hoton ta kowane gefe na tabbatar tana ƙasa. Na so in rungume ta, na san ba za ta yarda ba, sai na kama taya ta ɓarar gyaɗa ina share ido da bayan hannu.

Har na miƙe zan kai wa Hayatu albishir ta riƙo bakin hijabina. Ta ce kada in yi saurin murna. Ita tun da take ba ta taɓa ba ƙanenta magana ta janye ba, kuma ba za ta fara da furfura a kanta ba. Magaji ya riga ya sa an yaɓe mata ɗaki a Adabka, ya gaya wa duk gidan tana tafe.

“Ke kinka ɗauko, ke za ki sauke. Ki tahi Adabka ki hwaɗa mai da bakinki. In ya yarda, na zauna. In bai yarda ba, mota ta zo.”

Na tsaya a tsakar gida da kwamfuta a hannu. Ni da na kasa gaya wa mai so na sai da na bi ta bayan gida, ni ce zan durƙusa a gaban Baffa Magaji, mutumin da ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba, in ce masa maganar da ya yanke ba ta yi ba. Can babu bishiya, babu abin dannawa, kuma Hayatu ba shi da hurumin raka ni.

Na nemi izini a shago. Ranar Asabar da safe zan hau mota, kuma tun jiya hadari ke haɗuwa ta gabas.